Na Tafi Ɗaukar Lasifika, Na Dawo Makaɗi

Hajiya Amna, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na dawo da babban farin ciki, amma na kasa shiga da shi gidanmu.

Ni Bahaushe ne haifaffen Umdurman, kakanninmu sun taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a nan. Sana'ata haɗa lasifika a gidajen biki. Da haka wasu matasa 'yan Bahri, garin da ke tsallaken kogi da mu, masu kiɗan rok, wato kiɗan gitar lantarki da ganguna masu ƙara, suka ɗauke ni cikin masu hidimar kayansu. Da aka gayyace su wasa ƙasashen waje, mahaifina, wanda shi ne ladanin masallacin unguwarmu, bai so in bi su ba. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi: aikin waya da lantarki zan yi, shi bai haifi makaɗi ba.

Hajiya, mutane na ganin hotunanmu a Alƙahira da Tunis suna zaton hutawa muke yi. Mu ne farkon isa fili, mu ne ƙarshen fita. Ni da Hamuda, wanda ya koya mini aikin, mu sauke akwatunan da sai mutum biyu sun cicciɓa, mu shimfiɗa wayoyi, mu ɗaure tsirkiyar gita, a gama mu kwashe mu loda, mu yi barci a mota wuya a karkace. Akwai garin da ban san komai nasa ba sai ƙofar baya ta ɗakin wasa. Na yi kewar ful, dafaffen wakenmu, da jabana, gahawarmu ta gida, har na rame. Amma wallahi ina son aikin.

Ina da gurmi da kawuna Mahadi na unguwar Mayo ya koya mini tun ina ƙarami. Baba ya sani, wasan yara ya ɗauke shi. Gurmin nake kaɗawa a bayan mota in kewar gida ta taso.

To, a wani babban taron kiɗa a Faransa, da rana tsaka, fili ya cika maƙil, ana cikin waƙa sai wuta ta ɗauke. Gita ta yi gum. Jama'a suka fara ihu. Hamuda ya ruga wajen janareta, ita kuwa Layla, mawaƙiyarmu, ta jawo hannuna da gurmina har gaban dandali, ta kara masa ƙaramar lasifikar batir. Na fara kaɗawa. Filin nan ya yi tsit, sannan tafi ya tashi daidai da kiɗan. Can cikin taron wani dattijo ya ɗaga hularsa yana yi mini kirari da Hausa! Da wuta ta dawo, Munir mai gita bai ture ni ba, sai ya bi bayan gurmin. Ban taɓa jin abu kamar wannan ba, Hajiya. Na sauko ina hawaye.

Yanzu sun ce in zama ɗan ƙungiya sosai, in riƙa hawa dandali. Mun dawo hutu, bidiyon yana ta yawo, ƙanwata Mawahib ta gani ta yi ta tsalle. Baba bai gani ba tukuna. Kullum ina wajen mai shayi a bakin kogi ina haɗa maganar da zan faɗa masa, ta ƙi haɗuwa. Ga Hamuda kuma: ya rungume ni da murna, har ya ɗinka wa gurmin jaka, ya ce daga yau shi zai riƙa ɗaukarsa. Malamina ya ɗaukar mini kaya? Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Yaya zan yi?

Ɗan ladan, Umdurman

Ɗana, wa alaikumus salam, kuma barka da arziki. Ka fitar da abokan aikinka kunya a ranar da ta ɓaci, ka sa baƙi sun yi shiru sun saurari gurmi. Kada ka bari fargaba ta ƙwace maka daɗin wannan.

A ranar nan ba ka saɓa alkawari ba, ceto ka yi. Amma in ka amsa tayinsu kafin ka gaya wa mahaifinka, to ka saɓa. Saboda haka ka tashi daga wajen mai shayi. Ka same shi cikin makon nan, kafin wani ya miƙa masa waya a ƙofar masallaci. Jin abin a bakin wasu zai fi masa ciwo fiye da kiɗan kansa.

Ka fahimce shi kuma. In ya ce makaɗi, mai roƙo yake hangowa, da mai wasa da sallah, da abin da zai ji daga sahun da ke bayansa. Ka gaya masa yadda kake rayuwa a hanya, da baki, kafin ka nuna bidiyo. Ka tafi da dattijon da yake jin nauyinsa, ba kawu Mahadi ba, kada laifin ya koma kansa. In ya ƙi, kada ka yi gardama. Ka roƙi lokaci wajensa da wajen ƙungiyar, ka ci gaba da aikinka. Waɗanda suka jawo ka gaban dandali da hannunsu za su iya jiran ka.

Shi kuwa Hamuda, alfahari yake yi da kai. Gudunsa da kake yi shi ne zai ɓata masa rai. Ka karɓi jakar ka gode, ka ci gaba da sammako fili kuna kama akwatin nan tare.

Uban da ya sake ka ka tafi duniya alhali zuciyarsa ba ta so, uba ne da ake iya magana da shi. Je ka durƙusa ka faɗa masa. Allah ya tausasa zuciyarsa, ya sa albarka a hannunka.

Hajiya Amna