Lambar da Baba Ya Buga

Bay City, Michigan
9 ga Afrilu, 2017

Zuwa ga Yaya Bernadette,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Baba yana nan ƙalau, idanun ne dai suka tafi gaba ɗaya, yanzu ko hasken taga ba ya gani.

Na kasa faɗa miki a waya, shi ya sa na rubuto. Na yi ɓarna, Yaya.

Kin san duk Lahadi in mun taso daga coci sai na kai shi gareji, ya ɗaga murfin jar motar nan tasa, ya zura babban yatsa ya shafa lambar injin. Shi da kansa ya buga ta da guduma a 1970, ranar da motar da ya yi oda ta biyo ta layinsa a masana'anta. Tun da ya makance, ita kaɗai ce rubutun da yake iya karantawa.

To, injin ya fara hayaƙi. Na ce bari in gyara masa kafin ya cika tamanin a watan gobe. Na sauke na kai wa masu goge ƙarfe. Suka ga saman ya ɗan karkace, suka rage abin da bai kai kaurin farce ba, lambar ta tafi tare da shi. Wurin ya yi sumul.

Ba laifinsu ba ne, ni ne ban rubuta musu kada a taɓa wurin ba. Ni fa, Yaya, da na shekara ashirin da biyu ina bin kasuwannin tsofaffin motoci da tocila da gilashin ƙara girma, ana kirana in tantance ko inji na asali ne. Bakina har ya gaji da yi wa mutane wannan gargaɗin. Garin neman gira na rasa ido.

Lahadi uku ke nan ina ce masa ana jiran kayan gyara. Kullum sai ya ce, "Kai Len, kayan nan a ƙafa suke tahowa ne?" Akwatinsa na ƙarafan buga lamba yana wajena, ina kuma da hotunan lambar. Zan sake buga ta da kaina. Masu jabun da na kama ba sa ƙirguwa, na san duk inda suke kuskure. Kada ki yi mini wa'azi, na riga na yi wa kaina.

Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Leonard

28 ga Mayu, 2017

Zuwa ga Yaya Bernadette,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga wasiƙarki, kuma da ma na ji maganarki. Baba ya ji daɗin rigar sanyin da kika aiko.

Na yi mako biyu ina gwaji a kan tsohon ƙarfe kafin na buga. Ta fito daidai da hoton, har da bakwai ɗin nan da ta ɗan kwanta. Na kira wani abokin aikina, ya haska ya duba, ya ce ta asali ce. Ban taɓa jin kunyar yabo irin ta ranar ba.

Ranar bikin cikarsa tamanin, bayan an ci abincin nan namu pierogi, na kama hannunsa muka shiga gareji. Na tayar da motar, ya yi murmushi ya ce muryarta ta dawo. Na kashe, ya zura yatsa. Ya bi lambar daga farko zuwa ƙarshe, ya sake dawowa. Ya daɗe a sunkuye.

Sai ya ce, "Len, wa ya buga wannan?"

Na ce, "Kai ne mana, Baba."

Ya yi 'yar dariya. "Ni bahago ne, ɗan nema. Tawa ƙarshen ne ke nutsewa. Wannan farkon ne ya nutse."

Yaya, shekara hamsin ina kallon mutumin nan yana riƙe cokali da hagu. Bambancin bai kai ido ya gani ba, amma yatsa ya sani. Na faɗa masa komai ina kuka kamar ƙaramin yaro. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dafa kafaɗata ya ce hannuna ya iya, a zamaninsu da an ɗauke ni aiki. Ya rufe murfin a hankali ya ce a kawo masa kofi.

Na ɗauka magana ta wuce. Yau da muka taso daga coci na karya kwana wajen gareji kamar kullum. Ya ji juyawar motar, ya taɓa gwiwata ya ce, "Kai ni gida kawai, Len. Babu abin karantawa a can."

Na kai shi. Zuciyata ta karye, Yaya. Ki zo in kina da hali.

Ƙaninki,
Leonard