Ta'aziyyar Rasuwar Dakta Siddiƙa Harisu Baure, Mai Taswirar Mahaɗar Ƙoramu

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Gamayyar Manoman Fadama da Makiyaya ta Gabashin Daura ta samu labarin rasuwar mai ba ta shawara kan harkokin ruwa, Hajiya Dakta Siddiƙa Harisu Baure, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Talata bayan gajeruwar jinya, aka kuma yi jana'izarta a Daura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya masaniya ce kan yanayin ƙasa da tafiyar ruwa. Takan ɗauki bayanan tudu da kwari da tauraron ɗan'adam ya auno, ta zuba su cikin manhajar kwamfuta, ta bi gangaren ƙasa har ta fito da hanyar kowace ƙorama da daidai inda take haɗuwa da wata, ko da rairayi ya binne ta tun zamanin kakanni. Da yake ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, har manhajar kan zana rafi a inda babu shi, marigayiya ba ta taɓa sa hannu kan taswira ba sai ta je wurin da kanta, ta zauna da dattawa ta ji inda ruwa ke kwanciya. A irin waɗannan mahaɗu aka haƙa rijiyoyi da mashayar dabbobi daga Baure har Mai'adua, abin da ya kashe rigingimu da dama tsakanin manoma da makiyaya.

Mutanen Unguwar Kalilu ba za su manta da ita ba. Lokacin da suka tashi gina makarantar Islamiyya da sababbin gidaje a wani fili mai kyan gani, ta nuna musu cewa wurin mahaɗar ƙoramu biyu ne da suka bushe. An riga an buga bulo, an haƙa harsashi, don haka maganar ba ta yi wa kowa daɗi ba, wasu ma suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma janye ba. Ta yi ta komawa wurin mai unguwa, Malam Mati, har aka mayar da ginin kan tudu. A daminar 2012 ruwa ya kai ƙirjin babban mutum a wancan fili, yara kuwa suna can tudu suna karatunsu.

Gamayyar na miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, Alhaji Sabiru Maliki, da 'ya'yanta, da mahaifiyarta Hajiya Maiturare, da ɗalibanta, da ɗaukacin al'ummar Masarautar Daura, tare da roƙon Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya sa aikinta ya zama sadaka mai gudana, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi.

Ta bar taswirar yankin Mai'adua ba ta kammala ba. Ɗalibanta mata biyu, Hadiyya Lawal da Amatullah Yazid, sun nemi a bar musu aikin, kuma Gamayyar ta amince. Za su fita duba mahaɗar farko kafin ruwa ya sauka.

Sa hannu:
Alhaji Mahdi Lawal Daura
Kakakin Gamayyar, a madadin Shugaba
Sha'aban 1440 / Afrilu 2019