Jet Ɗin Gembu

Litinin, 5 ga Maris, 2012

Yaya Kalilu ya kawo babur mai ƙafa huɗu garejin Kawu Maliki da ƙarfe goma da kwata. Na ƙungiyar rigakafin shanu ne, wanda ƙanwarsa Madina ta yi shekara tana shiga rugagen Mashi da shi. Sun mayar da ita Gembu, kan tsaunin Mambila, babur ɗin zai bi ta a mota. Ya ce ƙanwarsa ta ce ni zan duba, ba Kawu ba.

Kwana goma sha tara ke nan da aka jingine maganar aurenmu. Ta ce in bi ta, na ce ba zan bar Inna ita kaɗai ba. Na rubuta mata dalilai goma sha ɗaya a takarda. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke, ta ce ba lissafi ta tambaye ni ba.

Yaya Kalilu ya ce wata guda za su gwada ta. In ba ta zaga rugagen da aka ba ta ba, za su dawo da ita Katsina. Ban san dalilin da ya sa ya gaya mini ba.

Alhamis, 8 ga Maris

Na duba littattafaina na jami'a. Daura ba ta kai mita ɗari biyar a kan teku ba, Gembu ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar. Iskar can ta fi tamu sauƙi da wajen kashi goma cikin ɗari. Kafireta kuwa, mai gauraya wa inji mai da iska, ba ta san an hau dutse ba, man da ta saba zubawa shi za ta zuba, ya fi ƙarfin iskar, inji ya shaƙe. Maganin a rage mai: a sa ƙaramin jet, wato ɗan ƙarfen nan mai huda da mai ke bi.

Na yi wa Kawu bayani, ya yi dariya. Ya ce shekara talatin yana gyara a garin nan, inji in ya yi sanyi ƙara masa mai ake yi, kamar doki. "Injiniya, ka taɓa ganin wanda yunwa ta ƙara wa ƙarfi?" Duk ƙasar Daura ba tudun da zan hau in nuna masa.

Asabar, 10 ga Maris

Jet mai lamba 130 ne a ciki. Okafor mai sayar da kayan gyara ya zazzage gwangwani uku kafin ya samo mini 122. Ban ɗaura ba, don in aka tuƙa shi haka a nan inji zai yi zafi ya ƙone. Sai an isa can. Na naɗe shi a leda, na manne a ƙarƙashin sirdi.

Laraba, 14 ga Maris

Sun tafi. Na ba Yaya Kalilu takardar bayani, shafi biyu. Ya cusa a aljihu tare da goro. Ita ban je mata sallama ba.

Juma'a, 23 ga Maris

Inna ta ce na rame. Na hau sikelin masu hatsi a kasuwa: na ragu da kilo uku.

Litinin, 2 ga Afrilu

Madina ta kira bayan azahar. Sai da kiran ya kusa tsinkewa na ɗauka.

Muryarta ta dishe, mura. Ta ce babur ya ƙi hawa, baƙin hayaƙi kawai yake yi. Takardata ba ta taɓa zuwa hannunta ba, Yaya Kalilu ya dawo da ita Daura a aljihu. Direban da ya kai su, mutumin Mai'aduwa, kafin ya juyo ya buɗe sukurun mai ya ƙara, don taimako. Ruga huɗu kacal ta kai cikin goma sha bakwai, da ƙafa. Saura kwana goma sha biyu.

Ta ce, "Nu'uman, in ya mutu ne ka gaya mini, in haɗa kayana."

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Na ga motar Katsina a raina, na gan ta tana saukowa a tasha da jakar nan tata ruwan toka. Abin da kawai zan ce shi ne ban sani ba sai na gani. Ba wanda zai kama ni da ƙarya. Kawu ma zai rantse injin ne ya gaji.

Na ce mata layi ba kyau, zan kira gobe. Layi lafiyarsa lau.

Talata, 3 ga Afrilu

A sallar asuba na yi raka'a uku, sai da na kusa da ni ya ja mini riga.

Ƙarfe takwas na kira. Na ce ta ɗaga sirdi. Na ji ƙarar leda. Ta tambaya tun yaushe yake nan, na ce tun goma ga Maris.

Minti arba'in da bakwai muka yi. Ta rufe mai, ta kwance kofin ƙasan kafireta, sukuru huɗu, ɗaya ya faɗa ciyawa ta yi ta nema tana zagin kakansa. Ta cire fulogi, na ce wane launi, ta ce baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar Inna. Ta goge, ta ɗaura 122, ta mayar da sukurun direba zagaye ɗaya da rabi. Na ce kada ta matse da ƙarfi, tagulla ce. Ta ce ita da ke yi wa bijimi allura.

Bugu na biyu ya tashi. Na ji shi ta waya, sumul. Na ce ta hau tudu mafi kusa ta dawo ta sake duba fulogin. In ya yi launin soyayyar gyaɗa, shi ke nan.

Ta turo saƙo: gyaɗa.

Kawu yana gefe yana jin komai. Sai ya miƙo mini shayinsa.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Ruga goma sha bakwai cif. Sun tabbatar da ita, shekara biyu. Ita ta kira ta faɗa mini, tana magana da sauri kamar da. Daga baya ta rage murya ta ce ta san na fahimci abin da gyaran yake nufi. Na ce kafireta ce kawai. Na ce Allah ya sanya alheri.

Na sake juya kalmar bayan ta kashe, in ga ko ƙarya ce. Ban samu ƙarya da yawa a ciki ba.

Da yamma na roƙi Kawu ya je wurin mahaifinta ranar Juma'a, ya ce kada a riƙe ta da maganata. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce zai sa babbar riga.

Inna ta yi dambu. Na ƙara.