Kwalabe Sittin na Heriberto

Sunnyside, 9 ga Yuni

Zuwa ga yayata Amparo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Ya ƙafar? Ya kunnen? Tunda ya ƙi jin waya na koma ga biro, kamar zamanin Mama.

Ni lafiya lau. Aikin rumbun tuffa yana nan yadda kika san shi, tsayuwa daga safe har yamma. Gida kuma shiru.

Ranar Talata Madam Lindqvist ta zo, mai gonar inabin da Heriberto ya yi wa aiki shekara ashirin da biyu. Ta zo da kwali biyar a bayan mota. Kin tuna na gaya miki a kakar girbinsa ta ƙarshe ta ba shi layi biyu na inabi, ta ce ya matse da hannunsa, ya yi ruwan inabi nasa na kansa? Tun yana saurayi abin da yake mafarki ke nan. Ya matse, ya zuba a ƙaramar ganga, bayan sati uku muka binne shi. Gangar ta zauna a wurin Madam shekara ɗaya da rabi, sai yanzu ta ɗura a kwalabe. Sittin cif. Ta sa sunansa a jikin kowace.

Ta ce mini, "Ofelia, wannan na mijinki ne, ko ɗigo ban taɓa ba. Bai nuna ba tukuna, sai ya huta shekara biyar. Ki kwantar da su a wuri mai sanyi da duhu. Zafi shi ne ajalinsu, kin ji ko?"

Na ce na ji, na gode. Na nuna mata gareji, muka jera kwalayen kusa da injin yankan ciyawa. Ta dubi rufin kwano, ta dube ni, ta shiga motarta.

Ban buɗe ko kwali ɗaya ba. Kin san ban taɓa sha ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ofelia

Sunnyside, 3 ga Yuli

Yaya Amparo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na samu takardarki, na ji faɗan da kika yi mini a kan gareji. Kin yi gaskiya, sai dai takardar ta iso a makare.

Kwana shida aka yi ana zafin da ban taɓa gani ba a kwarin nan, har digiri ɗari da tara a ma'aunin Amurka. Ranar Lahadi na dawo daga coci, na ɗaga ƙofar gareji, wani wari mai tsami ya tare ni. Kwalin da ke sama, na jikin bango, ya jiƙe sharkaf. Toshiyar kwalaben ta turo waje, jan ruwa ya gangaro ya bushe a kan siminti. Goma sha biyu, Yaya. Na durƙusa a wurin ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa Fadan cocinmu ba. Na san garejin nan yana zafi. Ina sane na sa su a can. Tun watan Agusta na waccan shekarar Heriberto yake dafe ƙirji. Na ce mu je asibiti, ya ce bari inabi ya nuna. Ya nuna, ya ce bari a tsinka. Aka tsinka, ya ce, "Haba uwargida, sati biyu kawai, in ganga ta lafa da kaina zan kai kaina." Gangar ta lafa, shi ma ya lafa. Saboda haka da na ga kwalayen nan a motar Madam, abin da ya zo mini shi ne ga abin da ya zaɓa ya bar ni. Na so su lalace. Da suka lalace kuma sai na ji kamar na sake rasa shi, wannan karon da hannuna.

Na kwashe sauran arba'in da takwas na kai ɗakin kwana, na kunna na'urar sanyaya ɗaki ba dare ba rana. Na kira Madam ina kuka. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Cewa ta yi in nemi firiji na musamman na ruwan inabi, don na kicin sanyinsa ya yi yawa, yana busar da toshiya, ga warin albasa.

Jiya na je birnin Yakima, na shiga wani babban kanti na kayan lantarki. Ashe abin duniya guda ne. Ga su nan jere da ƙofofin gilashi, daga mai cin kwalba goma sha biyu har wanda ya fi ni tsawo. Wata dattijuwa mai sayarwa, Darlene a rubuce a rigarta, ta tambaye ni ko na fi shan ja ko fari, wai akwai mai ɗaki biyu, kowanne da sanyinsa.

Na ce, "Ni ba na sha."

Ta ce, "To ke kuwa me ya kawo ki layina? Firijin madara yana can baya."

Sai na ba ta labari, a tsaye, a tsakiyar kanti. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce nata mijin kwale-kwale ya bar mata, ita da ba ta iya ruwa ba. Daga nan ta daina yi mini maganar 'yan kasuwa. Ta ce in manta da mai ɗaki biyu, tunda duka ja ne kuma ajiya zan yi. Ta ce akwai marar ƙara wanda ba shi da injin kirki, yana da daɗin zama a ɗaki amma ba ya iya yaƙi da zafin kwarinmu. In ɗauki mai inji, ko da zai riƙa ɗan gurnani. Gilashin ya zama mai duhu. In saita shi a digiri hamsin da biyar in cire hannuna. Ta sa na ɗora tafin hannu a kan kowanne in ji wanda ba ya rawa, wai girgiza tana hana ruwan inabi kwanciya.

Akwai babba mai cin ɗari, amma ba inda zan sa shi. Na zaɓi mai cin arba'in da shida. Za a kawo ranar Juma'a.

Ki yi mini addu'a, kada kuma ki yi mini faɗa a kan abin da na faɗa miki. Na yi wa kaina isasshe.

Taki,
Ofelia

Sunnyside, 28 ga Yuli

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida, da fatan jikin da sauƙi. Takardarki ta zo. Na karanta sau uku inda kika ce wadda ba ta so mijinta ba ba ta fushi da shi. Na gode.

An kawo firijin. Na sa shi a kicin, nesa da murhu da taga. Sai ga wata matsala: kwalaben Heriberto masu kauri ne, lissafin arba'in da shida kuwa na sirara ne. Na jera, na sauke, na sake jerawa, arba'in kawai suka shiga. Takwas suka rage a kan tebur.

Na kwana biyu ina kallonsu, sai na tuna mutanen da suka tsinki layukan nan biyu tare da shi ranar hutunsu, ba tare da an biya su ba. Su takwas ne, in an haɗa da Baba Refugio, tsohon da ya koya masa datse rassan inabi tun zuwansa ƙasar nan. Na gayyace su ranar Lahadi da rana. Na yi tamale, alalen masarar nan namu, da wake, muka zauna a inuwar bayan gida. Rabon da in ji dariya a gidan nan tun kafin rasuwar. Suna ta tsiya, wai Heriberto ya fi yi wa inabi magana mai daɗi a kan yadda yake yi musu.

Na miƙa wa kowa kwalbarsa, na faɗa musu sai bayan shekara biyar. Wani ƙato a cikinsu ya rungume tasa ya juya baya.

Baba Refugio ya juya tasa a hannu, ya karanta sunan, ya miƙo mini. Ya ce, "'Yata, ɗakina kwano ne, ko ƙwai ka ajiye dahuwa yake. Ki ajiye mini a wurinki. Zan riƙa zuwa ina duba ta, kada ki shanye."

Na ce, "Baba, ai ba wuri. Ya cika maƙil."

Ya ce, "To a yi wuri mana. Shekarata saba'in da huɗu, kina ganin biyar ɗin nan an rubuta mini su a takarda?"

Na shiga kicin, na zaro ɗaya daga cikin nawa, na kwantar da tasa a gurbinta. Na kawo kofuna tara. Shi ya buɗe, ya fara tsiyaya kaɗan a ƙasa, ya kira sunan Heriberto, sannan ya zagaya da ita.

Na sha, Yaya. Ya ɗaure mini baki kamar ɗanyen ɗan itace, har na yamutsa fuska suka yi mini dariya. Baba Refugio bai yi dariya ba. Ya daɗe da shi a baki, idonsa a rufe, sannan ya haɗiye.

Ya ce, "Ruwan inabin nan yaro ne tukuna, amma ƙashinsa mai kyau ne. Almajirina ya iya."

Ya miƙo kofinsa, na ƙara masa sauran.

Ki gaida yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Ofelia