Randar Innarki ba ta zuwa Kaduna

Ɗiyata Hajaru,

Bayan gaisuwa, ya maigidanki da yara? Mu nan Adabka lafiya lau.

Tun shekarar da anka raba Zamfara da Sakkwato Innarki ta bar ginin tukwane, robobi sun kashe kasuwa. Sai ga wasu 'yan boko sun zo neman tsohuwar randarta, wai a kai Kaduna wajen baje kolin tukwane, a aje cikin gilashi babu ruwa. Na rantse randar da ta shayar da ke ba ta barin gidan nan. Innarki ta yi dariya, ta ce za ta gina musu sabuwa.

Ki gaida kowa, ki yi wa hannuwanta addu'a. Gobe da safe zan kora jaki fadama, in ɗebo mata yumɓu.

Babanki