Tattabarun Abdulghani

Asabar, 4 ga Mayu, 2002
Idon hagu ya sake yin dishi-dishi. Wata Bamisiriya ta nemi miski, rubutun kwalabe ya haɗe min, na shafa mata ambar. Na ce sabon yayi ne daga Dubai, ta saya tana godiya. Ni Muntaka, bakina dai bai mutu ba, duk 'yan unguwar Karantina a nan Jidda sun shaida.

Litinin, 6 ga Mayu
Matata Shatu ta tsinci kwalbar turaren kolonya mai lemo a bayan buhun shinkafa, ba ko ɗigo. Ta ce, "Maigida, mutane na shafawa a jiki, kai hanji kake shafa wa." Na ce samfur ne. Ba ta yi dariya ba.
Asibiti ba zancensa. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, kuma likita na jin ƙamshin bakina, daga bulala sai jirgin Kano. Ita ce ta jiyo wajen mai lalle cewa akwai masu kiwon tattabara a unguwar Mahjar, Alhamis bayan la'asar. Na ce ina ruwana da tsuntsaye. Ta ce, "Je ka dai."

Alhamis, 9 ga Mayu
Na je. Saman bene ne, keji ko'ina, kashin tsuntsu har kan tabarma. Mai gidan Abdulghani, haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Duk wanda ya hango mu daga titi, 'yan tattabara ya gani. Amma kowa a wurin ya sha abin da na sha, ko giyar da ake dafawa a ɓoye.
Dokarsu ɗaya: mai riƙe da kwanon hatsi shi ke magana, yana watsa wa tsuntsaye. Hatsi ya ƙare, magana ta ƙare. Ba mai katse ka, ba mai yi maka wa'azi.
Da kwano ya zo hannuna na riƙa jefa ƙwaya ɗai-ɗai. Na ba su labarin kasuwar Bab Sharif, da Bayamanen da na sayar wa ruwan wardi a matsayin turaren oud mai tsada. An sha dariya. Wani tsoho mai baƙin tabarau, Baba Usuman, ya ce, "Ɗana, tattabarun nan za su mutu da yunwa kafin ka iso maganar kanka."

Juma'a, 10 ga Mayu
Na sha. Kaɗan.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ashe tabarau ɗin Baba ba na gayu ba ne. Tela ne a da, a unguwar Waziriyya. Da ya karɓi kwano ya ce shi ma da idon hagu ya fara, ramin allura ya riƙa ɓace masa, ya ce wutar shagon ce ba ta da haske. Wata safiya ya tashi yana faɗa a buɗe taga, alhali a buɗe take. Ya ambaci kwalbar, mai hoton lemo. Irin ta kan teburina.
Ana saukowa na rufe idon dama da hannu don gwaji. Na kusa faɗuwa. Abdulghani ya kama min riga, "Shwayya shwayya, a hankali, ya Muntaka."

Talata, 21 ga Mayu
Tun da na bar sha hannu ke rawa, man turare na zuba a ƙasa maimakon kwalba. Na ce wa masu saye sanyin kondishan ne. A Karantina, a watan Mayu! Shatu ta yi min kunun tsamiya, na sha, ya dawo. Ta sake damawa.

Alhamis, 23 ga Mayu
Kwano a hannuna, na shirya labari mai daɗi tun a mota. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai: "Ina tsoron in daina ganin fuskar Shatu." Tattabaru suka sauko kan hannuna suka cinye hatsin tas. Baba ya ce, "Yau kam sun ƙoshi." Ya laluba ya dafa gwiwata.
Kunya ta hana ni tsayawa shan shayi.

Asabar, 1 ga Yuni
Ido yana nan yadda yake. Dishi-dishin bai ƙaru ba. Ba na son in faɗa da ƙarfi.

Lahadi, 16 ga Yuni
Wani mai wankin mota ya zo bayan azahar, ɗan Nijar ne daga jin harshensa, Ɗan'azumi. Ya ce kolonya, babba. Bai buɗe ya shinshina ba, bai taya ba. Wa ke sayen turare bai shinshina ba? Yana kanne ido ɗaya yana neman kwalbar, ga ta a gabansa.
Na ce ta ƙare. Ya nuna da yatsa, "Alhaji, wannan fa?" Na ce ta lalace, zan mayar wa dillali da kwalin gaba ɗaya. Ya zage ni da Faransanci. Na bar shi ya gama, sannan na kwatanta masa gidan Abdulghani, na ce in yana jin nauyi mu tafi tare, ni ma hanyata ce.
Ba wani abu ba ne. Kolonya dama ba ta tafiya yanzu, man oud ake yayi. Kuma benen nan yana da wuyar hawa ga mai ido ɗaya, gara a samu na riƙewa.