Kun Kira Sunan Ɗana da Bakina

Zuwa ga mai girma Shugaban kwamitin gasar gajerun labarai a harsunan ƙasa, da 'yan kwamitinsa, Paraku.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyalanku.

Ranka ya daɗe, ni ce Hajara mai ɗinki ta bayan gar, wato tashar jirgin ƙasa, matar da kuka ba lamba ta biyu a gasar bana, kuka miƙa mata akwatin rediyo a gidan matasa ana tafi. Ba godiya ce ta sa ni rubutu ba. Na yi ta sintiri a ofishinku har mai gadi ya daina tambayata wa nake nema. Kullum sakatarenku sai ya ce da Faransancinsa mushe, wato ku shugaba, ya fita, mushe yana taro, mushe ya tafi Kwatano. To, tunda a bainar jama'a kuka yi mini abin da kuka yi, ni ma a bainar jama'a zan faɗi tawa.

Na farko, abin da na kawo muku. Ni haifaffiyar Jugu ce, gidan fataken goro. Ajami a gaban mahaifina na koye shi, boko kuwa sai da na girma, a ajin manya da aka buɗe mana bayan an sami mulkin kai. Da aka yi shelar gasarku aka ce kowa ya rubuta abin da ya sani, sai na rubuta abin da na fi sani a duniya, wato ɗana na fari. Direban kamyo ne, babbar mota, yana ɗaukar kaya daga gar zuwa Jugu. Da damina motarsa ta kife a bakin wata gada, Allah ya karɓi abinsa.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana maganarsa sai ta kau da kai. Wannan ita ce alkunya, kuma wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙiyayya ce. Tun da na haife shi, "wancan" nake ce masa, ko "yaron nan", har ya yi gemu. Guzurinsa ma ba na miƙa masa hannu da hannu, a kan turmi nake ajiyewa ya ɗauka.

Ranar tafiyarsa ta ƙarshe ya manta guzurin a kan turmi. Na ɗauka na bi shi da sauri har ƙofar gida, na hango ƙeyarsa ya kusa shan kwana. Sunan ya zo mini har bakin leɓe, na haɗiye shi, na ce "Kai!" Mai sayar da itace ya waiwayo, wani mai keke ya waiwayo, shi bai waiwayo ba. Na koma ciki da ƙunshin dambun nama a hannuna. Labarin ke nan gaba ɗaya, ranka ya daɗe. Uwa ce da ta ga bayan ɗanta, kalma ɗaya za ta juyo mata da fuskarsa, ta kasa faɗa.

Na biyu, abin da kuka yi da shi. Ranar ba da kyauta ba ku karanta labarin ba, kun ce a saurare shi a rediyo ranar Juma'a bayan la'asar. Don murna na tara maƙwabta a tsakar gidana. Na kuma ba wani direba saƙo zuwa Jugu, na ce a ɗauki Inna, mahaifiyata, wadda ƙafa ta riga ta gaza mata, a kai ta gidan maƙwabcinmu mai rediyo ta ji 'yarta.

Mai karatu ya faɗi sunana da na mahaifina, ya ce ga labarin kamar yadda na rubuta da hannuna. Bai yi nisa ba na ji sunan ɗana. Ba wani suna na ƙirƙira ba, nasa na yanka, wanda aka raɗa masa. Duk inda na rubuta "wancan" kun goge kun sa sunan. Da aka zo bakin ƙofa kuwa, sai ga uwar labarin, wadda take magana da "ni", ta buɗe baki ta ƙwala masa kira da sunansa, wai ƙarar motoci ce ta hana shi ji. Matan da ke tsakar gidana suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka nemi takalmansu. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar da aka kawo mini gawarsa.

Da na matsa wa sakatarenku, ya ce alƙalan gasa sun ga labarin yana da kyau amma yana da naƙasa, wai a lakwal, makarantar boko, an koya musu cewa dole tauraron labari ya kasance da suna. Shi aka aika tashar manyan motoci ya tambayo sunan, har yana yi mini alfahari da wahalar da ya sha. Ikon Allah! Ƙafar da ta kai shi tasha ba za ta iya kawo shi shagona ba, alhali daga tashar ana jin ƙarar keken ɗinkina? Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Kun cire wa labarin zuciyarsa, domin uwar da ta kira ɗanta bai ji ba, ai ƙarar mota ce ta cuce ta, kuma wannan ba labarina ba ne.

Na uku. A ce ku baƙi ne a wannan al'ada, rashin sani ya fi dare duhu, sai in yi muku uzuri rabi. Amma a kwamitinku akwai ɗan garinmu, malamin lakwal, wanda ba zan ambaci sunansa ba don darajar mahaifiyarsa. Tare muka yi tallan goro da yayyensa. Har gobe tsohuwarsa ba ta kiran sunan babban wansa. Yana zaune aka yi wannan ɗanyen aiki, ya yi gum don kada abokan aikinsa su ce masa baƙauye. Shi na fi jin haushi.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. A kasuwar Jugu yanzu maganar da ake yi ita ce Hajara ta sayar da kunyarta an ba ta rediyo. Wannan zan iya haɗiyewa, bakin mutane ba ya rasa abin taunawa. Wanda ba zan iya ba shi ne na Inna. An ce tana jin sunan ta ce a mayar da ita gida. Na aika ƙanena ya yi mata bayani, ta ce da kunnenta ta ji an ce da hannuna na rubuta, kuma gwamnati ba za ta yi mini ƙarya ba. Na aika mata turmin atamfa da salla, ya dawo mini ko kwance ɗaurinsa ba a yi ba. Na je da kaina, ta juya fuska bango. Matar nan ita ta raini yaron nan tun daga yaye, ta haura tamanin, kuma tun sanyin bana jikinta ya ƙi. In ta cika tana fushi da ni, ranka ya daɗe, wane kwamiti ne zai zauna ya gyara mini wannan?

Saboda haka ga abin da nake nema.

Ɗaya, a sake karanta labarina a wannan shiri na Juma'a yadda na rubuta shi, kuma kafin a fara, mai karatu ya faɗa da Hausa ƙarara cewa kwamiti ne ya sa sunan, ba Hajara ba. Magana zarar bunu ce, na sani, amma tunda bakin rediyo Inna ta gaskata, bakin rediyo ne kawai zai wanke ni.

Biyu, na ji za a buga labaran a Kwatano a raba wa 'yan lakwal. Ban yarda a buga nawa da sunan nan ba. In ba za a iya ba, a cire shi gaba ɗaya.

Uku, gasar baɗi kada ku taɓa rubutun kowa sai kun tambayi mai shi.

Akwatin rediyonku na bar shi wurin mai gadi, da batiransa. Ku yi mini hanzari. Maƙwabcinmu na Jugu ya yi alkawari duk Juma'a zai riƙa ɗaukar nasa rediyon ya ajiye a ƙofar ɗakin Inna, amma ƙanena ya ce kunnen nata ya fara nauyi.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku gama aikinku lafiya. Allah ya raya muku 'ya'yanku na fari, kada ya nuna muku ranar da za ku tsaya a bakin ƙofa kuna kallon ƙeyarsu.

Wassalam.

Hajara mai ɗinki, bayan gar, Paraku,
uwar wancan.